Kwalkwalin Boba Fett da Masu Bin Salsalar Tarkace

Duk wanda ya kalli fim ɗin The Empire Strikes Back na 1980 zai tuna da Boba Fett, mafaraucin nan mai kamo mutane don lada. Maganarsa a fim ɗin kaɗan ce ƙwarai, kuma ba a ga fuskarsa ba ko sau ɗaya. Kwalkwalinsa ne ya ɗauki nauyin wasan baki ɗaya. Shi ya sa wasu masu sha'awar fim suka kwashe shekaru suna bin diddigin kowane ɗan guntu da aka manna a jikinsa, domin su san daga ina ya fito.

Abin da suka gano yana da ban mamaki. A ƙeyar kwalkwalin, a bayan wasu ƴan ramuka, akwai allon cikin wata ƙaramar na'urar lissafi, Casio MQ-1. A kuncinsa kuwa akwai mahaɗin ƙarfe mai huji uku, irin na kayan aikin likitan haƙori. Haka ma kwalkwalin fararen sojojin fim ɗin farko na 1977: ƴan dunƙulen da ke gefen bakinsa matatan bakin famfo ne. A fim na uku, na 1983, an gano cewa hancin kwalkwalin mahaya baburan daji yana ɗauke da guntun injin wani ɗan babur na roba.

Wannan guntu na ƙarshe shi ne ya fi nuna asalin dabarar. Kamfanoni irin su Tamiya na Japan da Airfix na Ingila suna sayar da ƙananan tankokin yaƙi da jirage da motocin tsere na roba, gutsi-gutsi a cikin kwali, mai saye ya haɗa da gam. Ma'aikatan da George Lucas ya tara a Kalifoniya a 1975 sun sayi irin waɗannan kwalaye rututu, suka riƙa tsinto ƙafar tanki nan, murfin inji can, suna mannawa a jikin jiragen sararin samaniya, sannan su bi da fenti har asalin abin ya ɓace. Mai bin salsala yana komawa baya ne: ya ƙara girman hoto, ya ƙidaya kusoshi, ya auna tsawo, ya nemo tsohon kwali, ya gwada guntu da guntu har ya dace.

Akwai masu ganin wannan aiki ɓata lokaci ne, ko ma tonon silili ga fim. Wannan hukunci bai yi adalci ba. Binciken ya amsa wata tambaya da masu sharhi suka daɗe suna kewayawa: me ya sa ido yake yarda da waɗannan kaya alhali ya san ƙirƙira ce? Dalili shi ne kowane guntu ya taɓa yin aiki na gaskiya a wani wuri. Injiniya ne ya tsara murfin injin nan don ya sha iska, kuma ko bayan an rage shi, an juya shi, an shafe shi da fenti, hikimar tsarin tana nan. Ido yana gane ta ko da bai san sunanta ba. Bugu da ƙari, da yawa daga cikin tankokin na Yaƙin Duniya na Biyu ne. Ashe duniyar da aka nuna a can nesa cikin taurari, da ɓaraguzan yaƙin 1939 zuwa 1945 aka yi mata ado. Wanda bai san asalin guntayen ba, wannan ma'ana za ta wuce shi.

Inda masu binciken suka yi tuntuɓe shi ne wajen mayar da sakamakon abin bauta. Na'urar lissafin nan, wadda aka farke don tana kusa da hannu, ta zama abin nema ruwa a jallo, kuma kwalkwalin da bai ɗauke da ita ba a wurin wasu jabu ne. Nan an juya darasin a baibai. Joe Johnston da abokan aikinsa, waɗanda suka tsara kamannin Boba Fett, ba su da jerin kayan da ya wajaba a saya. Abin da suke da shi ido ne mai hango kuncin mayaƙi a jikin kayan likitan haƙori. Yaron da ke ƙera mota da gwangwanin madara da tsohon silifa a Zinder ya fi kusa da su a wannan fanni, fiye da mai kuɗin da ya sayi guntun asali don ya kwaikwaya.

Saboda haka, darajar wannan bincike tana ga abin da aka yi da shi. Idan ya tsaya ga jera sunayen kwalaye, ya zama lissafin ɗan koli. Idan kuwa ya koya wa mai shirya fim marar jari cewa da tsohuwar zuma ake magani, to ya cancanci a kira shi nazari.