Mai Wanke Sunan Saba

A Tudun Wadar Ɗankadai, inda injinan shinkafa ba sa hutawa da kaka, ciniki ya daɗe da wuce na baki da baki kawai. Mai saye daga Legas, ko wata ƙungiyar tallafa wa manoma daga Abuja, sai su ce a turo takardar farashi ta imel, kuma daga adireshin ƙungiya. Sakataren ƙungiyar masu shinkafar ya rubuta, ya tura. Kafin ya ajiye waya, wasiƙa ta dawo masa ɗauke da dogon Turanci da lamba 550 a gaba. Ya sake turawa, ta sake dawowa. Data akwai, adireshi daidai yake. Abin da ya faru shi ne, an sa sabar da ke ɗaukar wasiƙunsu a baƙin littafi.

A irin wannan rana ake tunawa da mutumin da nake son yabawa, wato mai kula da saba. Galibi matashi ne, yana zaune a Kano ko Zariya, amma a hannunsa wasiƙun wata makaranta a Bebeji suke, da na wani ɗakin shan magani a Kiru, da na ƙungiyar manoman masara a Doguwa. Muddin abubuwa na tafiya, babu mai tuna shi.

Saba dai kwamfuta ce da ba ta barci, mai karɓar wasiƙu da miƙa su, kuma kowace tana da lambarta ta IP, kamar lambar rumfa a kasuwa. Ƙa'idar aika imel da Jon Postel ya rubuta a 1982 an gina ta ne bisa yarda: duk sunan da mai wasiƙa ya kira kansa da shi, an karɓa. Da masu watsa wasiƙun shara da 'yan damfara suka cika gari, sai aka nemi kariya. A 1997 Paul Vixie da abokan aikinsa a Amurka suka fito da jerin lambobin da ake ƙin karɓar saƙonsu. A 1998 Steve Linford ya kafa Spamhaus a Ingila, wadda jerinta ke cikin waɗanda aka fi dogaro da su har yau. Da wasiƙa ta iso, sabar mai karɓa takan tambayi irin waɗannan jeri cikin ƙiftawar ido: kun san wannan lamba da wani laifi? In aka ce e, ƙofa ta rufe.

Duk wanda ya san kasuwar Kwanar Ɗangora ya fahimci wannan tsari. A kama mutum sau ɗaya da tsakuwa a gindin buhu, ba sai an je gaban alƙali ba, dillalai za su sanar da juna, kayansa su yini ba mai taya su. Dawo da suna kuwa ba da rantsuwa ake yi ba.

Gwanin namu ya san haka, shi ya sa yake farawa da karatu. Wannan Turancin da sakatare ya tsallake, shi a wurinsa takardar likita ce. Lamba mai farawa da 4, kamar 421 ko 451, tana nufin a dakata a sake gwadawa. Mai farawa da 5 ƙi ne kai tsaye. Sannan ya duba wa ya rufe ƙofar, don kowane gida da al'adarsa. In ya ga S3150, ya san Outlook ne, kuma wani sashe na layin kamfanin da ya ba shi haya ne aka toshe. In jerin PBL na Spamhaus ne, ya san ba zargin laifi ba ne: lambar irin ta layin gida ce ko ta waya, wadda bai kamata ta riƙa aika wasiƙa kai tsaye ba. In XBL ne, to akwai na'urar da masu kutse suka hau. Gmail kuma ba ya buga jeri a fili, auna mutuncin mai aikawa yake yi a hankali, ana duba sakamakon a Postmaster Tools.

A nan gwani yake rabuwa da ɗan koyo. Ɗan koyo da ya ga fom ɗin neman afuwa sai ya cika ya tura. A cire shi da safe, a mayar da shi kafin la'asar, kuma kowace komawa tana ƙara wa sunansa nauyi. Gwani sai ya fara tsayar da layin wasiƙun da ke jiran fita, ya buɗe rajistar saba, ya bi ta layi-layi kamar mai bin sawun ɓarawon shanu. Wane akwati ne ya aika wasiƙa dubu uku da ƙarfe biyun dare, alhali mai shi yana barci a Kafin Maiyaki? Wace ƙasa aka shigo daga ciki? Sau da yawa abin ƙarami ne: ma'ajin ƙungiya ya latsa wani mahaɗi na bogi ya ba da kalmar sirrinsa, ko an bar tsohon fom a shafin makaranta ba sabuntawa, ko wani ya sayo tarin adireshi yana tura talla, a cikinsu har da adireshin tarko da masu jeri ke dasawa don kama irinsa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Wani lokacin ma waken ba na gidan ba ne, na maƙwabci ne da ake hayar lamba ɗaya da shi, kuma gwani ne yake gane lokacin da ya kamata a tashi a sake masauki.

Bayan ya toshe ɓarakar, ya sauya kalmomin sirri, ya share sharar da ta taru, sai ya koma kan takardun shaida. SPF jeri ne da mai suna ke bugawa cewa ga sabobin da na yarda su yi magana da yawuna. DKIM hatimi ne da ake buga wa kowace wasiƙa, in an taɓa ta a hanya za a gane. DMARC wasiyya ce ga mai karɓa: in wasiƙa ta zo da sunana ba shaida, ga yadda za ka yi da ita. Sai rikodin PTR, wanda ke sa lamba ta amsa sunanta idan an kira ta. Waɗannan yanzu sun zama wajibi. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka ƙarfafa sharuɗɗansu, inda Gmail ya ce mai aika wasiƙa 5,000 a rana dole ya cika ukun farko, kuma ƙorafin masu karɓa kada ya kai uku cikin dubu. Microsoft ya bi sahu a Mayun 2025.

Sai a ƙarshe yake rubuta takardar neman cirewa, kuma ita ce ta fi burge ni. Gajeriya ce: ga lambarmu, ga abin da ya faru, ga ranar da ya faru, ga abin da muka gyara, ga abin da zai hana a sake. Ba ya musu, ba ya ɗora wa wani, ba ya cika ta da magiya. Ya san Spamhaus ba ta karɓar ko kwabo don cire suna, saboda haka ba ya sauraron mai cewa a biya shi ya shiga ya fita. Ya san jerin SpamCop da kansa yake sakin lamba cikin kimanin awa 24 in ƙorafi ya tsaya. Ya san in jerin SBL na Spamhaus ne, mai layin ne zai yi magana, don haka sai ya bi ta kansa da ladabi. Idan ƙofa ta buɗe, ba ya kwararo wasiƙu gaba ɗaya. Kamar mai sakin ruwan Tiga zuwa gonakin Kadawa, kaɗan-kaɗan yake buɗewa, yana duba yadda ƙasa ke sha.

Wannan aiki ya fi nauyi a kan ɗan Najeriya. Lamba 419, wadda sashe ce a dokar laifuffuka ta ƙasarmu, ta zaga duniya ta imel kafin yawancin garuruwanmu su ga intanet, kuma mai gaskiya ne yake biyan bashin da bai ci ba. Saboda haka duk sabar da aka tsaftace, aka ba ta hatimi, aka riƙe ta shekara da shekaru ba ƙorafi, shaida ce da ake ajiye wa na baya.

Ranar da takardar farashin nan ta isa Legas, sakatare zai ce ai intanet ce ta gyaru. Motar shinkafa za ta tashi daga Tudun Wada, manomi ya karɓi kuɗinsa. Shi kuwa matashin zai sake leƙa rajistarsa kafin ya kwanta, don ya tabbatar da ƙarfe biyun dare babu mai magana da sunan mutanensa.