Makokin Mako Uku na Yahudawa: Sharhi a kan Tsarin Hane-hane cikin Littafin Shulhan Aruk

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan yadda littafin Shulhan Aruk ya tsara hukunce-hukuncen makokin da Yahudawa suke yi na kwana 21 a kowace shekara, daga 17 ga watan Tammuz zuwa 9 ga watan Ab na lissafinsu. Wannan lokaci yakan faɗo tsakanin ƙarshen Yuni da tsakiyar Agusta, watau tsananin zafi a ƙasar Falasɗinu. Abin da ya jawo hankalinmu shi ne, a wajen koyar da kwatancin addinai akan ba ɗalibai waɗannan hane-hane a jere kawai, su haddace, su rubuta a jarrabawa, ba tare da sun gane hikimar jerin ba. Mu kuwa a ganinmu, ma'anar makokin tana cikin yadda aka hauhawar da shi.

2.0 Asalin Makokin da Littafin

Yahudawa suna juyayin rushewar Haikalinsu na Birnin Ƙudus ne har sau biyu: na farko a hannun Buhtunnasar, sarkin Babila, a shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa, na biyu kuma a hannun Titus na Rum a shekara ta 70 Miladiyya. Littafin Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200, ya lissafta masifu biyar a kan kowace ɗaya daga cikin ranakun nan biyu. Daga ciki akwai fasa ganuwar birnin ran 17 ga Tammuz, da ƙone Haikali ran 9 ga Ab, da kuma faɗuwar garin Betar, wadda masana tarihi suka sanya a shekara ta 135.

Shi kuwa Shulhan Aruk, Malam Yusuf Karo na garin Safad ne ya wallafa shi, aka buga a Banis ta ƙasar Italiya a 1565. Daga baya Malam Musa Isserles na Karako, a ƙasar Polan, wanda ya rasu a 1572, ya yi masa hashiya. Karo ya bi al'adar Safardawa, watau Yahudawan da asalinsu daga Andalus ne, Isserles kuma ya kawo ta Ashkenazawa, mutanen Jamus da gabashin Turai. Babi na 549 zuwa na 559 na juzu'in farko su ne suka shafi maganarmu.

3.0 Tsanin Baƙin Ciki

Idan muka duba makokin mamaci a wajen Yahudawa, za mu ga yana farawa da tsanani sa'an nan ya riƙa sassautowa: kwana bakwai na zaman gida, sai kwana talatin, sai wata goma sha biyu ga wanda ya rasa mahaifi ko mahaifiya. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda ya san zaman makoki yana raguwa daga uku zuwa bakwai zuwa arba'in. To, makokin mako uku ya juya wannan tsari. Malam Yusuf Solobecik, wanda ya rasu a Amurka a 1993, ya yi bayanin dalili: wanda aka yi wa sabon rashi yana bukatar a fitar da shi daga baƙin ciki sannu a hankali, amma wanda rashinsa ya kusa shekara dubu biyu sai an shigar da shi ciki mataki-mataki.

Bisa hashiyar Isserles, matakin farko yana somawa da azumin yini na 17 ga Tammuz. Daga nan ba a ɗaura aure, ba a aski. Mataki na biyu shi ne kwana tara na farkon watan Ab, inda ake barin nama da ruwan inabi, da wankin tufafi, da wankan jin daɗi. Mataki na uku shi ne ranar 9 ga Ab kanta, wadda azuminta yakan kai kimanin awa 25. Kafin faɗuwar rana akan zauna a ƙasa a ci gurasa da dafaffen ƙwai, wasu har su dangwala toka. A ranar ba ci, ba sha, ba wanka, ba shafa mai, ba takalmin fata, ba kusantar iyali, ba kuma gaisuwa. Akan karanta Littafin Makoki da waƙoƙin juyayi cikin ƙarancin haske. Hatta karatun Attaura an hana, sai wuraren da suka shafi baƙin ciki, domin a wajensu karatu abin faranta rai ne.

4.0 Inda Littafin Ya Yi Fice

Abin yabo na farko shi ne littafin bai bar juyayi ya shanye rayuwa ba. Ran Asabar akan ci nama, kuma idan 9 ga Ab ta faɗo Asabar sai a ɗaga azumin zuwa Lahadi. An yarda da cin nama a walimar kaciya da ta saukar littafi. Karo ya halatta baiko ba tare da walima ba, har a ranar azumin, don gudun kada wani ya riga mai nema. Ya kuma gargaɗi malamai kada su doki almajirai a waɗannan kwanaki, abin da ya cancanci kulawar masu horar da malamai irinmu. Na biyu, an bar ra'ayin mutanen nan biyu a shafi guda, kowa yana ganin inda suka saɓa.

5.0 Inda Littafin Ya Gaza

Sai dai littafin yana da rauni ta fuska uku. Na farko, hukunci yake yankewa, ba safai yake kawo dalili ba, don haka mai karatu yakan ga matakai amma bai ga tsanin ba. Babi na 551 ya cakuɗa hane-hanen mako uku da na kwana tara da na makon ƙarshe, bisa nau'in aiki maimakon bisa jerin kwanaki.

Na biyu, wanda ya ɗauki hashiya a matsayin matani zai yi wa Yahudawa kuɗin goro. Karo ya taƙaita hanin aski da wanki ga makon da 9 ga Ab ta faɗo ciki kaɗai, kamar yadda Mishna ta yi, hanin aure kuwa daga ɗaya ga Ab. Game da nama ma al'adu uku ya kawo. Ke nan da yawa daga abin da ake koya wa ɗalibai da sunan dokar Yahudawa, al'adar Ashkenazawa ce wadda ta daɗa tsanani da tafiyar zamani.

Na uku, littafin ba na tarihi ba ne, bai kamata a nemi tarihi a cikinsa ba. Littafin Sarakuna na Biyu ya sanya ƙone Haikalin farko ran 7 ga wata, Littafin Irmiya kuma ran 10. Talmud ya daidaita su da cewa an shiga ran 7, aka cinna wuta da yammacin 9, ta yi ta ci har 10. Saboda haka ne ma ake ci gaba da barin nama har tsakar ranar 10 ga wata. Ranar 9 ga Ab ta zama matattara, inda daga baya aka jingina korar Yahudawa daga Ingila a 1290 da kuma daga Andalus a 1492.

6.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa waɗannan hane-hane hanya ce ta koyar da tarihi ta jiki, domin yaron da ya ga nama ya ɓace daga akushi dole ya tambayi dalili. Haka kuma ba a tsaya ga kuka ba, gama Asabar bakwai da suke biyo baya akan karanta ayoyin ta'aziyya daga Littafin Ishaya. Shawararmu ga 'yan'uwa malamai ita ce, a riƙa koyar da wannan darasi bisa jerin kwanaki, a bambanta matani da hashiya, a kuma nuna wa ɗalibai wace al'umma ce take bin wane hukunci.