Bala Miller da kalmar da aka rubuta a bangon faifai

 Wanda ke sussukar masara a Ƙafur, da wanda ke ɗaure buhun auduga a Bakori, da direban da ya taso daga Funtuwa zai shiga Malumfashi, kowa ya ɗan ƙara murya, don yau da ɓacin rai na shigo.

Kalma ɗaya ce ta ɓata mini rai: Legas.

Ga yadda aka yi. Makon jiya na kai rediyona gyara wurin wani dattijo a bayan kasuwar Malumfashi, irin masu gyaran nan da ba sa zubar da komai, ko wayar da ta ƙone sai sun adana. Ina zaune kan benci ina jira, sai na hangi kwali a ƙarƙashin tebur, gara ta cinye gindinsa. Na ce, Baba, mene ne a nan? Ya ce tarkacen garmaho ne, duba in kana so. Faifai ne sun kai ashirin, rabi zafi ya lanƙwasa su kamar ganyen kabewa. A cikinsu na ci karo da wani bango, babu faifan a ciki, ruwa ya taɓa shi, amma sunan yana nan raɗau: Bala Miller. Na ce, Baba, ina faifan? Ya yi dariya, ya ce jikokinsa sun daɗe da mayar da shi murfin tulu.

To na koma gida na ce bari in nemi waƙar "Ikon Allah" in ji. Na samu. Amma kun san a ina? A cikin wani tarin waƙoƙi mai suna Nigeria 70, wanda kamfanin Strut na Landan ya fitar a 2001. A bangonsa an rubuta cewa wannan shi ne cikakken labarin kiɗan Legas na shekarun 1970. Legas fa! Waƙar Hausa, sunanta Hausa, mai ita ɗan gidan Zazzau, ƙungiyarsa a Arewa take kiɗa, amma yaron Ingila ko Jamus da ya sayi faifan nan, abin da ya tafi da shi a ransa shi ne wannan ma kiɗan Legas ne.

Manya sun san wanda nake nufi. An haife shi a Fankshin a 1928, mahaifinsa limamin coci ne daga Zariya, cikin Hausawan farko da suka karɓi Kiristanci. Ya yi makaranta a Legas, ya yi aikin kamfani, ya yi hulɗa da su Victor Olaiya. Wannan duk mun wuce shi. Inda maganar take shi ne da ya dawo gida. Zamanin Gwamna Audu Baƙo ya sa hannu a aikin koyar da matasa kiɗan zamani a Kano, aka yi bikin FESTAC na 1977 da shi, sannan ya tara ƙungiyarsa, Great Music Pirameeds of Afrika. Bahaushe in ya ji sunan nan ba Masar zai tuna ba, dalar gyaɗa zai tuna. Masu shekaru hamsin zuwa sama kuma ba su manta shirinsa na talabijin a NTA ba, lokacin da unguwa guda ke taruwa a ƙofar gida ɗaya ana leƙe ta taga. Ya rasu a 2003.

Abin da mutumin nan ya yi ba ƙarami ba ne, kuma ina so matasan da ke ji na su gane. A wancan lokaci in ka ce waƙar Hausa, kalangu ake nufi, ko kotso, ko kukuma, ko kuntigin Ɗan Maraya. In ka ce jita da ƙahonnin Turawa da gangar baja, to waƙar da Turanci za ta fito, ko Yarbanci, ko Ibo. Kamar an yi katanga tsakani. Shi ya zo ya ɗora Hausa a kan ƙahonnin nan, kuma ta zauna daram, ba ta yi kama da aron riga ba. Ku saurari yadda masu busa ke jiran muryar ta sauke numfashi kafin su amsa. Ai amshi ne, irin wanda 'yan amshin Shata ke yi, sai dai da ƙarfe ake yinsa. Mutane da yawa a dandali, kowa da kayansa a hannu, amma babu mai taka wani. Yau yaro ɗaya da fiyano a ɗaki shi ne mai ganga, shi ne mai jita, shi ne mai busa. Ban raina ba, sana'a ce. Amma kunne ya san bambancin tuwon da aka tuƙa da wanda aka ɗumama.

Sai a ɗauki wannan aiki duka a lulluɓe shi da kalmar Legas.

Abokin aikina yana ɗaga mini hannu ta bayan gilashi, wai in yi adalci. To, zan yi. Gaskiya ne manyan kamfanonin buga faifai, su EMI da Decca, a Legas suke a wancan lokaci, duk wanda ke son muryarsa ta hau garmaho can zai nufa. Gaskiya ne kuma ba Bala Miller kaɗai aka yi wa haka ba: a faifan nan akwai Victor Uwaifo, mutumin Binin, akwai William Onyeabor, mutumin Inugu. Na yarda. Amma dubi abin da ya biyo baya. Onyeabor, a 2013 wani kamfanin Amurka, Luaka Bop, ya tattara waƙoƙinsa ya fitar da su da sunansa shi kaɗai, duniya ta san daga Inugu yake tun kafin ya rasu a 2017. Ku leƙa maƙwabta ma. Mamman Sani na Nijar, mai kiɗan ogan, kaset ɗinsa na 1978 ya kusa ɓacewa, kamfanin Sahel Sounds ya sake buga shi a 2013, mutumin ya ga abinsa da idonsa. Namu fa? Wa ya tashi daga Kaduna ko Kano ko Katsina ya ce a'a, wannan ɗanmu ne, ga sauran waƙoƙinsa, ga sunan mai ganga, ga sunan mai jita?

A nan ne fushina ya juyo gida. Baturen da ya rubuta Legas, aƙalla ya nemi faifan, ya wanke shi, ya sake buga shi. Mu me muka yi? Ni da idona na gani, a wata tasha da na yi aiki ina saurayi, ba zan kama suna ba. Ɗakin ajiya cike da faya-fayen zare, kowanne da takarda manne a jiki, an rubuta sunan makaɗi da ranar da aka ɗauka. Kuɗin sayen sabon zare ya yanke, sai oga ya ce a riƙa ɗauko tsofaffi ana gogewa. Ni aka aika. Na ɗauko, na ɗora, na danna, muka ɗauki jawabin buɗe wata rijiyar burtsatse a kan kiɗan da ba za a sake yin irinsa ba. Rijiyar ma na ji ta ƙafe. Ban ce na Bala Miller na goge ba, ban ma karanta takardar ba, kuma wannan rashin karantawar shi ke damuna har gobe.

Masu riƙe da harkar al'adu kuwa, a bar su. Kowace shekara taro, kowace shekara kyauta, a ɗinka wa alƙalai babbar riga, a ba wanda ya yi wa mai gida waƙa kambu. Kuɗin shinkafar taro ɗaya ya isa a sayi na'urar da za ta kwashe kaset dubu zuwa kwamfuta. Ba a yi ba.

Wani zai ce ai Shata bai ɓace ba. Haka ne. Je wurin masu tura waƙa a waya a tashar Malumfashi ka ce Shata, za a cika maka memori har ka ce ya isa. Ka ce Barmani Coge, 'yar Funtuwa, za a samo maka. Amma wa ya adana su? Masu kaset na bakin kasuwa ne, da direbobi, da matan aure masu naɗe zare da biro in rediyo ta cinye shi. Jama'a ce ta riƙe abinta. Na gwada yaron da ke tura waƙa, na ce Bala Miller. Ya ɗago kai ya ce, Alhaji, ɗan ƙwallo ne?

Ban ga laifinsa ba. Kiɗan Bala Miller ya faɗa tsakanin kujeru biyu ne a wurinmu: masu son gargajiya suka ce na 'yan kulob ne, su Costain na Kaduna, 'yan boko kuma da disko ya shigo suka bi na Amurka. Da babu mai riƙe da igiyar, sai wanda ya tsinta ya sa masa sunan garin da ya ga dama.

Saƙo ya shigo daga wani bawan Allah a Ƙanƙara, ya ce yana jin mahaifinsa na da faifan Bala Miller a cikin adaka. Don Allah Malam, kada ka goge shi da tsumma, kada ka bar shi a rana, kada ka ɗora masa kaya, tsaye ake ajiye shi. Ka kawo mana nan, mu kwafa a gabanka, ka koma da abinka. Bangon yana wurina, Baba mai gyara ya bar mini shi kyauta.

Lokaci ya ci mu. Abokin aikina, ɗora mana "Ikon Allah". Daga na Landan ɗin za ka ɗauko, shi kaɗai muke da shi.