Laso: Simintin da Magina Suka Haɗa da Abin Zubarwa

Tsohon magini a Kano ko Zariya ba ya yarda a kwashe baraguzan katangar da ta faɗi a kai juji. A wurinsa ƙasar tsohon gini dukiya ce. Yakan sa a farfasa ta, a tsince duwatsu da fasassun kasake, a jiƙa, a zuba yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana, washegari a sake tattakawa har ta yi danƙo. Da ita ake buga sabon tubali, da ita ake yin kwaɓin da zai riƙe shi. Azara ma, da yake gara ba ta cika cin giginya ba, zare ta ake yi a hankali a jingine don rufin gaba.

Amma inda gwanintar ta kai maƙura shi ne laso. Abu uku ake haɗawa, biyu daga ciki kuwa sharar wasu sana'o'i ce. Na farko katsi, wato dattin baba da toka da ke kwanciya a gindin ramin rini, irin na marinar Ƙofar Mata. Ana kwaso shi, a dunƙula, a shanya, a ƙona, a daka ya zama gari. Na biyu gashin jima, wanda majema ke kankarewa daga fatar akuya. Shi ke ɗaure yaɓen kada ya tsage, maiƙon da ke jikinsa kuma ya hana ruwa shiga. Na uku dafara, wadda ake daka saiwarta a jiƙa, ruwanta mai yauƙi ya haɗe komai wuri guda.

Sanin kayan haɗi kaɗai ba ya sa mutum ya zama gwani. Magini yakan murza kwaɓin a tafin hannu ya san ko ruwa ya yi yawa, ko gashi ya yi kaɗan. Idan ya shafe saman soro, zankwaye da bakin indararo da laso, ya goge har ya yi sulɓi, ruwan damina zamewa yake yi ya wuce. Ramin rinin kansa da laso ake yaɓe shi, ya riƙe ruwan baba shekaru.

Yau masana a jami'o'in duniya suna niƙa tsohon bulo da kankare don rage siminti a kwaɓi, domin sarrafa siminti na buƙatar wuta mai zafin kusan digiri 1,450, kuma yana fitar da kimanin kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya. Hanyar da suke nema, maginanmu sun daɗe suna tafiya a kanta.

Masu wannan ilimi suna tsufa, marina kuma suna raguwa. Ya kamata sassan koyar da gine-gine na jami'o'inmu, da matasan magina, su je su durƙusa gaban waɗannan dattawa su koya tun suna raye.