Bayan An Sauke Kaya: Komowar Matafiyi A Ƙagaggun Labaranmu

A zaman karatu na ƙungiya da ya gabata, wani matashi daga Fagada, can yankin Jega da Aliero da Maiyama, ya karanta mana labarinsa a kan wani mutum da ya shekara ashirin a Kumasi sannan ya komo gida. Hausarsa tsaf, bayanin hanya kuwa kai ka ce da mu aka yi tafiyar. To amma da mota ta tsaya a tashar Jega, dangi suka tarye shi, aka yi kuka aka yi dariya, sai marubucin ya ce labari ya ƙare. Mu kuwa a namu gani, a nan ne ya kamata ya soma. Ba don mu kushe aikinsa muka ɗauko maganar ba, sai don ciwon na mu duka ne, kuma gadonsa muka yi.

Idan mai karatu bai manta ba, daga cikin littattafai biyar da suka fito a sakamakon gasar da Rupert East ya shirya a 1933, uku a kan tafiya da komowa aka gina su. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam ya dawo da ruwan, ɗan sarki ya warke, shi ke nan buƙata ta biya, babu wanda ya tambayi abin da shekarun nan suka yi wa gidan da ya bari. A Ganɗoki na Bello Kagara kuwa, an sami dama babba: jarumin da ya yaƙi Turawa ya yi gabas, ya dawo ya tarar ƙasa tana hannunsu. Maimakon a nuna mana yadda zuciyar irin wannan mutum za ta tafasa, sai aka yi sauri aka sa shi yaba sabon zamani. Muna yi wa marubucin uzuri, domin don makarantun gwamnatin Turawa aka buga littafin.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya fi kusa da gaskiya. Umar ya tashi a hannun Larabawa, mahaifiyarsa ta rasu a Tarabulus bayan ta sha wahalar nemansa, da ya komo kuma a Rauta ya zauna yana karantarwa, ba a Kagara inda aka haife shi ba. Wato dai gidan da ya bari bai tsaya jiransa ba. Duk da haka ba a tsaya an nuna mana yadda ya koyi zama cikin mutanen da yake nasu ne amma bai san su ba.

Da littattafan soyayya suka cika kasuwa daga ƙarshen shekarun 1980, sai abin ya ƙara muni. Ƙasar waje ta zama ado kawai. Saurayi ya dawo daga Landan da digiri, an tarye shi a filin jirgin sama na Kano, daga nan ba za ka sake jin ɗuriyar Landan a bakinsa ko a halinsa ba. In ka goge sunan garin ka sa Kaduna, babu abin da zai canza a labarin.

Abin takaicin shi ne, marubucin da ya fito daga yankin Jega bai da dalilin aron wannan saurayi. Tun ƙarni na 19 Jega zango ce ta fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Masu ɗorin Aliero sun bazu cikin ƙasashen Afirka ta Yamma da sana'arsu. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice, mutane suka komo Nijeriya, wasunsu da 'ya'yan da ba su taɓa ganin garin ubansu ba. A 2011 yaƙi ya koro 'yan ci-rani daga Libiya, a 2023 kuma aka kwaso ɗalibai daga Sudan. Ina labarin waɗannan a littattafanmu?

Jigon yana cikin tambayoyin da ake yi bayan an watse daga gaisuwa. Gonar gado da ƙane ya shekara ashirin yana nomawa, ta wa ce yau? A mazhabar Malikiyya, matar da mijinta ya ɓace ba labari, in ta kai ƙara, alƙali kan yanka mata shekara huɗu, ta yi idda ta yi aure. To in ya ɓullo a shekara ta bakwai fa? Yaron da ake yi wa dariya a dandali don Hausarsa ta Zangon Kumasi ce, ina zai sa kansa? Wanda ya dawo hannu rabbana, ya jira sai dare ya raba kafin ya shiga gari, me zai gaya wa tsohuwarsa da safe? Wanda ya dawo da kuɗi kuma, kwana nawa za su yi kafin masu zuwa gaisuwa su ɗauke ƙafa?

Wasu sun riga mu gane wannan. Chinua Achebe, a No Longer at Ease na 1960, ya bi Obi Okonkwo bayan dawowarsa daga Ingila, nauyin dangi da bashin ƙungiyar garinsu suka danne shi har ya ƙare a kotu kan cin hanci. A maƙwabta kuma, Oumarou Ganda na Nijar ya yi fim ɗin Cabascabo a kan sojan da ya dawo daga yaƙin Indocin, abokai suka taya shi cinye abin da ya tara, suka watse. Dukansu biyu ƙarfin labarin yana bayan saukar matafiyi ne.

Shawararmu ga ɗan'uwanmu na Fagada da sauran 'yan ƙungiya ita ce, babin da kuka sa a ƙarshe ku mai da shi na farko. Ku taƙaita hanya, ku tsawaita zaman gida. Kafin ku ɗauki biro, ku nemi dattawan da suka yi zaman Gana ku zauna da su, domin waɗanda suka ga korar 1969 da idonsu kullum raguwa suke yi. Kada kuma ku tambaye su abin da suka gani a can kaɗai, ku tambaye su abin da suka tarar a nan. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mun daɗe muna rubuta rabin farko na wannan karin magana, saura rabi na biyu. Allah Ya sa mu dace.