Wa Ya Faɗa, Ko Ta Yaya Ya Sani?

A fadojinmu na Alakoss, in labari ya zo, tambaya ɗaya ce ake yi: wa ya faɗa? In aka ce BBC, dattijo ya gyaɗa kai, magana ta ƙare. In aka ce wani mai bidiyo a Facebook da samari ke so, nan ma ta ƙare. Ni wannan tambayar ce nake ƙorafi a kanta, don ba ta isa ba.

Ku tuna Disamba 2024. BBC da RFI suka ba da labarin wani hari a Chatoumane, wajen Tera, suka ce sojoji kusan 90 sun mutu. Gwamnati ta ce ƙarya ce, ta dakatar da BBC wata uku. RFI kuwa tun Agusta 2023 aka rufe ta. Tsakaninmu da Tera ya fi kilomita 1000, ba wanda ya gani da idonsa, amma kowa ya yanke hukunci kafin shayi na biyu ya nuna. Mai son sojoji ya ce sharrin Turawa ne, wanda ba ya son su ya ce ai ana ɓoyewa ne. Wa ya tsaya ya tambayi daga bakin wa aka samo adadin? Ganau ne, ma'aikacin asibiti ne, ko jiyau? Alhali iyayen da ke da ɗa a bakin daga wannan amsar suke jira.

Rufe gidan rediyo kuma bai sa mutane sun koma Voix du Sahel da zuciya ɗaya ba. Vokal suka koma. Murya ce kawai a WhatsApp, ba suna, ba gari, ba rana, ta fara da sallama da rantsuwa, ta ƙare da roƙon a tura wa wasu. Ɗan jarida ko ya yi ƙarya yana da suna, ana iya tuhumarsa gobe. Mai vokal fa, ina za ka same shi?

Abin da ya fi damuna shi ne yadda yardarmu ke bin ɓangare. Samira Sabou an kulle ta a 2020, zamanin Issoufou, kan rubutun da ta yi game da badaƙalar kuɗin ma'aikatar tsaro. An sake kama ta a ƙarshen Satumba 2023, zamanin sojoji. Mace ɗaya, aiki ɗaya, amma akwai waɗanda suka kira ta jaruma a karon farko suka yi gum a na biyu. Kafin ta, Moussa Kaka ya shafe sama da shekara a kurkuku zamanin Tandja, daga 2007 zuwa 2008.

Su ma 'yan jaridar ban wanke su ba. "Wata majiya ta shaida mana" ta zama bargon da ake lulluɓe komai da shi. Na yarda akwai majiyar da in an faɗi sunanta sai gidan kaso, amma a gaya mana ko mutum nawa ne, kuma ko suna wurin lokacin da abin ya faru.