Daren da talabijin ɗin Biyetnam ke yi wa hukuma habaici

A Biyetnam ɗan kasuwa ba ya mallakar gidan talabijin. Kowace tasha ta hukuma ce, ta ƙasa ko ta lardi. Kamfani zai iya shirya wasa ya kai a nuna, amma lasisin yana hannun gwamnati. Uwar gidajen ita ce VTV, wadda ta fara gwajin watsa shirye-shirye a Hanoi ranar 7 ga Satumba, 1970, ana tsaka da yaƙi. Biyetnam ta Kudu ta riga ta Arewa, don tun 1966 mutanen Saigon ke kallon hotunan da jirgin sojan Amurka ke watso musu yana shawagi a saman birnin. Yau VTV1 ta labarai ce, VTV3 ta nishaɗi, VTV5 kuma tana magana da harsunan ƙananan ƙabilu. A Janairun 2025 gwamnati ta rufe tashoshin VTC da ta majalisar dokoki, da sunan rage hukumomi.

A irin wannan gida ne ake nuna shirin da ya fi kowane tsokanar manya. Tun 2003, kusan duk jajibirin Tet, wato sabuwar shekararsu ta lissafin wata, iyali kan taru gaban akwatin talabijin su kalli wasan da kowa ke kira Tao Quan. Asalinsa wani imani ne na gargajiya: wai kowane gida yana da iyayengijin murhu, wato Tao, waɗanda ke hawa kifi ranar 23 ga watan ƙarshe su tafi sama su kai wa Sarkin Sama rahoton gidan. Har gobe mutane na sayen jajayen kifaye a ranar su sake su a tafki.

Masu shirin sai suka mayar da gidan ya zama ƙasa. Kowane Tao ya zama mai riƙe da wani fanni, wannan sufuri, wancan ilimi, wata lafiya. Sarki na kan karaga, fadawansa biyu, Nam Tao da Bac Dau, suna gefe suna yi wa mai rahoto tambayar ƙure. Shi kuwa ya shigo da doguwar riga mai ƙyalli, ya faɗi gaisuwa, ya shiga wanke kansa, yana ƙarya yana waƙa da karin da kowa ya sani an sauya masa baituka. Bayan ambaliyar da ta cinye titunan Hanoi a 2008, ɗan wasa Tu Long ya fito a matsayin mai kula da magudanan ruwa, ya mayar da masifar waƙa. A 2016 aka kafa wa Tao ɗin faifai irin na wasan kacici-kacici, kowa ya juya a ga rabonsa na cin hanci. Cunkoson titi, ambulan ɗin da ake miƙa wa likita, rububin kujera, duk sun sha shiga.

Abin ya yi kama da tashe, inda yaro ke ɗaura gemun auduga ya kwaikwayi dattijo, a yi dariya a ba shi sadaka, don an san kwanakin ƙidayayyu ne. Tsokanar tana da lokaci, tana kuma da iyaka. Ana naɗar wasan kwanaki kafin daren, a tace shi kafin ya fita. Ma'aikaci yana shan ba'a, amma Sarkin Sama, wanda Quoc Khanh ya daɗe yana fitowa a matsayinsa, kullum adali ne. Shi ke yin faɗa a ƙarshe, ya sallami kowa da umarnin a gyara. Jam'iyyar Kwaminis ba ta taɓa zama abin tuhuma a fadar ba. Darasin da mai kallo ke tashi da shi shi ne barori ne suka ɓata, maigida lafiyarsa lau.

Duk da haka ban ɗauki wasan a matsayin yaudara zalla ba. A ƙasar da jarida ke taka-tsantsan, jin an faɗi abin da ke cin ran mutum a tashar gwamnati, a daren da kowa ke gida, ba ƙaramin abu ba ne. Da aka sauya salon shirin a 2020, masu kallo suka yi ta ƙorafi, a 2021 Tao suka dawo. Ɗan wasa Xuan Bac kuwa, wanda ya shekara da shekaru yana titsiye Tao a matsayin Nam Tao, a ƙarshen 2024 aka naɗa shi shugaban sashen gwamnati mai sa ido kan wasannin dandamali.